Jem Ɗan Muhammadu Fatihu: Laƙabinsa da Abin da Ya Bari

Jem, wanda Turkawa ke rubuta sunansa Cem, shi ne ƙarami cikin 'ya'ya maza uku na Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammadu na Biyu, wato Muhammadu Fatihu da ya ci birnin Kustantiniyya (Istanbul) da yaƙi a 1453. An haife shi a Edirne a watan Disamba na 1459, ya kuma rasu a Nafoli ta ƙasar Italiya ranar 25 ga Fabrairu 1495 yana da shekara 35. A ɗan wannan gajeren rai ya ɗana sarauta a birnin Bursa na abin da bai cika mako uku ba, sa'an nan ya shafe shekara goma sha biyu da 'yan watanni a tsare a hannun masu mulkin Turai. Har yau littattafan tarihi ba su tsaya a kan suna ɗaya ba idan za su ambace shi. Wasu su ce Sultan Jem, wasu Jem Sultan, wasu Shehzade Jem, Turawan zamaninsa kuwa Zizim suka riƙa kiransa. Tushen wannan saɓani shi ne ko za a lissafa shi cikin waɗanda suka yi sarauta, ko kuwa cikin waɗanda suka nema suka rasa.

Mahaifiyarsa ita ce Cicek Hatun. Kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan sarautar gidan Usmanu, tun yana ɗan kimanin shekara goma aka tura shi riƙon lardin Kastamonu tare da manyan da za su rene shi a kan mulki, waɗanda Turkawa ke kira lala. A irin wannan riƙo yarima ke koyon shari'a da haraji da hawan doki da sarrafa makami, yana da fadarsa da malamansa da mawaƙansa. Da wansa Mustafa ya rasu a 1474, sai aka mai da Jem Konya ya gaji kujerarsa ta riƙon ƙasar Karaman, ƙasar da ba a daɗe da ƙwace ta daga hannun sarakunanta na asali ba. A can ya yi suna da ƙarfin jiki da son ilimi, ya ƙware a Farisanci, ya kuma shaƙu da ƙabilun Turkumawa na yankin, waɗanda zuciyarsu ba ta taɓa kwanciya da mulkin Istanbul ba. Babban wansa Bayazid, wanda ya girme shi da kusan shekara goma sha biyu, yana riƙe da Amasiya.

Gidan Usmanu a wancan zamani ba shi da dokar da ta ce babba ne zai gaji uba. A ganinsu mulki kyauta ce daga Allah, kuma alamar wanda aka ba ita ce ya riga 'yan'uwansa isa babban birni, ya mallaki baitulmali, sojoji da malamai su yi masa mubaya'a. Wannan tsari ya sha jefa daular cikin jini. Bayan Timur ya karya Bayazid na Ɗaya a yaƙin Ankara a 1402, 'ya'yan Bayazid ɗin sun yi shekara goma sha ɗaya suna yaƙar juna kafin Muhammadu na Ɗaya ya haɗa ƙasar a 1413. Tsoron maimaituwar wannan fitina ne ya sa kundin dokokin da ake dangantawa da Fatihu ya halatta wa duk ɗan da ya hau gado ya kashe 'yan'uwansa maza don zaman lafiyar duniya, ya kuma ce yawancin malamai sun yarda da haka. Saboda haka Jem da Bayazid kowannensu ya san cewa ranar da mahaifinsu ya cika, wanda ya makara ba sarauta kaɗai zai rasa ba, har da ransa.

Ranar ta zo a 3 ga Mayu 1481, lokacin da Fatihu ya rasu a sansanin yaƙi kusa da Gebze, 'yar tafiya kaɗan daga Istanbul. Babban Waziri Karamani Mehmed Fasha, wanda zuciyarsa ke tare da Jem, ya ɓoye labarin. Ya sa aka ɗauko gawar a rufe aka koma da ita fada a kan cewa Sarki ba shi da lafiya, ya hana jiragen fito ƙetarawa don kada sojoji su biyo baya, sa'an nan ya aika manzo Amasiya bisa al'ada, ya kuma aika wani Konya a asirce. Dabarar ba ta kai ko'ina ba. Sinan Fasha, gwamnan Anatoliya kuma surukin Bayazid, ya tare manzon da aka aika wa Jem a hanya. Sojojin Yeniceri, wato dakarun ƙasa na fada, suka gano gaskiya, suka ƙetara da ƙarfi, suka kashe Wazirin. Ishaƙ Fasha, ɗaya daga cikin manyan fada, ya ɗora Korkud, ɗan Bayazid wanda yake yaro ne a lokacin, ya riƙe wa mahaifinsa gado har ya iso cikin kwanakin ƙarshe na watan.

Goyon bayan da Bayazid ya samu yana da dalili. A ƙarshen mulkinsa Fatihu ya ƙwace filaye masu yawa na waƙafi da na manyan gidaje ya mai da su na gwamnati don ya ciyar da sojoji, ya kuma rage azurfar da ke cikin kuɗi sau da dama. Mutane sun ɗora wa Karamani Mehmed Fasha alhakin waɗannan matakai, suna kallon Jem a matsayin wanda zai ci gaba da su. Shehunan ɗariƙu da masu waƙafi da manyan hafsoshi sun fi natsuwa da Bayazid, wanda aka san shi da ibada da sanyin hali, kuma da ya hau ya mayar wa mutane da yawa dukiyoyinsu.

Jem bai sallama ba. Ya tara mayaƙan Karaman da Turkumawa ya nufi Bursa, tsohon babban birnin daular inda kaburburan sarakunanta na farko, Usmanu da Orhan, suke. Ya karya rundunar da aka turo ƙarƙashin Ayas Fasha, ya shiga birnin a ƙarshen Mayu 1481. Nan ya yi abubuwa biyu da duk duniyar Musulunci ta sani a matsayin shaidar mulki: ya sa aka ambaci sunansa a huɗubar Juma'a, ya kuma sa aka buga kuɗin azurfa, wato akce, da sunansa. Daga nan ya aika wa wansa tawaga ƙarƙashin Seljuk Hatun, tsohuwa mai daraja, gwaggon mahaifinsu, da tayin a raba ƙasa biyu: shi ya riƙe Anatoliya, Bayazid ya riƙe Rumeliya, wato ɓangaren Turai. Bayazid ya ƙi. Abin da marubuta tarihi suka ruwaito daga amsarsa shi ne cewa ba a duba zumunci a sha'anin mulki, kuma daula ba ta rabuwa.

Rundunonin biyu suka gamu a Yenishehir a watan Yuni 1481. Bayazid yana da Yeniceri, yana kuma da Gedik Ahmed Fasha, babban jarumin zamanin, wanda aka kirawo daga yaƙin Italiya. Ana cikin fafatawa lalan Jem mai suna Yakubu Bey ya juya masa baya. Jem ya tsere zuwa Konya, ya kwashi mahaifiyarsa da iyalinsa, ya ƙetare duwatsun Toros ya shiga ƙasar Mamluki, ya bi ta Halab da Dimashƙa har Alƙahira, inda Sarkin Masar Ƙaitabai ya yi masa saukar girma. Daga can ya sauke farali a farkon 1482, abin da babu wani sarkin Usmaniyya da ya taɓa yi yana kan gado, tun daga farkon daular har ƙarshenta.

Da ya dawo daga Makka sai ya tarar da wasiƙun Ƙasim Bey, ɗan gidan sarautar Karaman mai neman ƙasar ubanninsa, da na wasu hakiman Anatoliya, suna kiransa ya dawo. Ya amsa, ya bar iyalinsa a Masar. Ya kewaye Konya bai ci ba, ya nufi Ankara nan ma bai yi nasara ba, mayaƙansa suka watse da suka ji Sarki na tafe. Bayazid ya yi masa tayin ya zauna a Ƙudus a riƙa aika masa kuɗin da ya saba samu, shi kuwa ya nace sai an ba shi yanki ya mulka. Da hanya ta toshe masa ta ƙasa, sai ya yanke shawarar da ta zama sanadin sauran wahalarsa. Ya nemi Baraden Yohanna, ƙungiyar mayaƙan Kirista da ke mulkin tsibirin Rodos, su ba shi jirgi da aminci don ya ƙetara Rumeliya ya sake tayar da yaƙi daga can. Ya sauka Rodos a ƙarshen Yuli 1482.

Shekara biyu kacal kafin nan rundunar Fatihu ta kewaye wannan tsibiri ta kasa ci. Shugaban baraden, Pierre d'Aubusson, ya tarbi ɗan tsohon maƙiyinsa da kaɗe-kaɗe da shimfiɗu, ya kuma ba shi takardar alkawarin cewa yana da ikon tafiya duk ran da ya so. A bayan fage kuwa ya buɗe ciniki da Istanbul. Aka daidaita cewa Bayazid zai riƙa biyan baraden sama da dukat 40,000 na zinariya kowace shekara, zai kuma bar su lafiya, su kuma za su tsare Jem yadda ba zai dame shi ba. Ranar 1 ga Satumba 1482 aka sa shi a jirgi zuwa Faransa a kan cewa daga can zai wuce Hangari. Daga wannan rana ya zama saniyar tatsa ga duk wanda ya riƙe igiyarsa.

Bayazid kuma bai tsaya jira ba a gida. Kafin shekarar ta ƙare ya sa an kashe Gedik Ahmed Fasha a Edirne, mutumin da ya ci masa yaƙin Yenishehir, saboda zargin yana karkata ga Jem, aka kuma shaƙe Oguz, ƙaramin ɗan Jem da ke hannun fada. Kukan wannan yaro yana cikin waƙoƙin Jem da Turkawa suka fi tunawa.

A Faransa ya sauka Nis, inda ya yi 'yan watanni, daga nan aka riƙa yawo da shi daga wannan ganuwa zuwa waccan a yankunan Saboya da Dofine, ana sauya masa masauki duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za a sace shi ko za a kashe shi. Aka riƙa rage masa barori kaɗan-kaɗan. A ƙarshe aka kai shi Bourganeuf a tsakiyar ƙasar, yankin su d'Aubusson, inda aka gina masa wata hasumiya zagayayyiya mai kaurin bango da hawa da yawa, aka zuba masu gadi. Ya zauna cikinta daga 1486 zuwa 1488. Ginin yana nan tsaye, mutanen garin suna kiransa hasumiyar Zizim. Duk tsawon wannan lokaci masu neman a ba su shi ba su fasa aike ba. Sarkin Hangari Matthias Corvinus yana son ya sa shi gaban runduna ya ratsa ƙasashen Balkan. Ƙaitabai, wanda ya shiga yaƙi da Usmaniyya daga 1485 zuwa 1491, yana son a mayar masa da shi Masar, mahaifiyar Jem ma tana ta roƙo daga Alƙahira. Sarkin Nafoli da Fafaroma kowa na da tasa manufar. Bayazid kuwa ya cika Turai da 'yan leƙen asiri da jakadu da kyaututtuka, har ya aika wa baraden Rodos wani hannu da Kiristoci ke girmamawa a matsayin na Annabi Yahaya.

Fafaroma Innocent na Takwas ne ya yi rinjaye. Ya saka wa d'Aubusson da muƙamin kadinal, aka shigo da Jem Roma ranar 13 ga Maris 1489. Abin da ya faru a gaban Fafaroma ya nuna yadda mutumin yake ɗaukar kansa bayan kusan shekara bakwai a tsare. An koya masa cewa zai durƙusa ya sumbaci ƙafar mai masaukinsa kamar yadda sarakunan Turai ke yi. Ya shigo zauren da rawaninsa bai tuɓe ba, ya ratsa tsakiyar kadinaloli a miƙe, bai durƙusa ba, ya isa ya sumbaci kafaɗar Fafaroma kamar yadda sarki ke gaisa da sarki. Buƙatarsa ita ce a bar shi ya koma Masar wurin iyalinsa. Marubutan Usmaniyya sun ruwaito cewa an yi masa tayin ya bar addininsa a taimake shi ya hau gado, ya ƙi. Babu wata shaida da ta nuna ya taɓa barin Musulunci.

A 1490 Fafaroma ya tara wakilan ƙasashen Kirista don shirya yaƙi da Turkawa da sunan mai da Jem gadon mahaifinsa, amma rasuwar Matthias a watan Afrilu na shekarar ta kashe maganar. Kafin shekarar ta fita jakadan Bayazid ya iso Roma, aka ƙulla irin cinikin da aka yi da Rodos: dukat 40,000 a shekara. A 1492 Sarkin Musulmin Turkiyya ya ƙara wa shugaban Kiristocin Yamma da kyautar kan mashin da Kiristoci suka yi imani an soki Yesu da shi. Alexander na Shida, na gidan Borgia, wanda ya gaji Innocent a wannan shekara, ya ci gaba da karɓar kuɗin. Da Sarkin Faransa Charles na Takwas ya shigo Italiya da yaƙi a 1494 yana cewa daga Nafoli zai wuce ya ci Istanbul, sai Fafaroma ya aika neman taimakon Bayazid. Charles ya shiga Roma a ranar ƙarshe ta shekarar, ya tilasta aka ba shi Jem, ya tafi da shi kudu a ƙarshen Janairu 1495. Ciwo ya kama Jem a hanya, ya cika kwana uku bayan an shiga Nafoli. Nan take jita-jita ta bazu cewa 'yan Borgia sun sa masa guba mai aiki a hankali, kuma marubuta da dama na Turai da na Turkiyya sun maimaita ta. Masana tarihi da yawa a yau sun fi karkata ga ciwo na Allah da Annabi, suna kafa hujja da cewa mutuwarsa asarar kuɗin shiga ce babba ga Fafaroma.

Bayazid ya sa aka yi makokin kwana uku, aka yi masa sallar ga'ib a masallatai. Gawar ma sai da aka yi ciniki a kanta. Barorinsa sun yi masa wanka da salla, aka rufe shi cikin akwatin darma, aka yi ta ja-in-ja shekara huɗu kafin Sarkin Nafoli ya sallama ta a 1499. Bayazid yana buƙatar gawar a idon jama'a don kada gobe wani ya fito ya ce shi ne Jem. Aka binne shi a maƙabartar Muradiyya da ke Bursa, cikin hubbaren da wansa Mustafa yake.

Maganar laƙabinsa tana warwaruwa ne idan aka duba yadda gidan Usmanu ke amfani da kalmomin sarauta. A ƙarnin farko ana kiran 'ya'yan sarki celebi, shi ya sa ake cewa Musa Celebi da Isa Celebi. Daga baya kalmar Farisanci shehzade, wato ɗan sarki, ta maye gurbinta. Ita kuwa kalmar sultan, wadda ake ɗauka ta mai mulki ce shi kaɗai, a fadar Istanbul ta zama ta gidan gaba ɗaya. Ana sa ta gaban sunan mai mulki, ana kuma sa ta gaban sunan 'ya'yansa maza, shi ya sa takardun zamanin ke cewa Sultan Korkud da Sultan Ahmed, 'ya'yan Bayazid, alhali ba su taɓa hawa gado ba. Kundin dokokin Fatihu ma, a inda yake bayanin yadda za a rubuta wa yarima wasiƙa, da sunan Jem ya ba da misali, ya sa masa sultan a gaba, ya kuma siffanta shi da magajin mulki. Wasu masana suna ganin wannan alama ce ta inda zuciyar uban ta karkata, ko da yake bai taɓa naɗa magaji a fili ba. Sa kalmar a bayan suna kuwa an fi yi wa matan gidan sarauta, kamar Mihrimah Sultan, da kuma waliyyai da manyan bayin Allah, kamar Emir Sultan na Bursa da Eyub Sultan na Istanbul. Kalmomin da suka keɓanta da mai mulki su ne fadishah da hunkar.

Da wannan za a ga cewa “Sultan Jem” shi ne abin da mutanen zamaninsa suka faɗa, kuma haka sunan yake a kan littafin da wani abokin zamansa a tsare ya rubuta game da rayuwarsa. Ba kuskure ba ne muddin an fahimci cewa girmamawa ce ta ɗan gida. “Jem Sultan” shi ne ya zauna a bakin Turkawan yau, kuma amfaninsa shi ne yana raba shi da jerin masu mulki ba tare da ya tuɓe masa daraja ba. “Shehzade Jem” ya fi kowanne dacewa da matsayinsa a shari'ar daular.

Masu cewa ya cancanci a ƙirga shi cikin sarakuna suna da hujjoji biyu. Ta farko huɗuba da kuɗin Bursa. Ta biyu ita ce wadda marubutan Rodos suka ruwaito daga bakinsa, cewa shi an haife shi mahaifinsa na kan gado, Bayazid kuwa an haife shi tun kakansu Murad na Biyu na mulki, don haka shi ɗan sarki ne, wansa ɗan yarima. Wannan hujja ta fi kama da al'adar Rumawan Kustantiniyya, kuma ba ta da gurbi a dokar gidan Usmanu. Ta farkon ta fi nauyi, amma ita ma ba ta isa ba. Sulaiman Celebi, ɗan Bayazid na Ɗaya, ya mulki Rumeliya daga Edirne shekara takwas da huɗubarsa da kuɗinsa, duk da haka ba ya cikin jerin sarakuna 36 na daular. Jem bai taɓa riƙe Istanbul ko baitulmali ba, Yeniceri da manyan malamai ba su yi masa mubaya'a ba, kuma lokacin da ya shiga Bursa an riga an naɗa wansa. Shi ya sa Fatihu ne na bakwai, Bayazid na takwas, babu kowa a tsakani. Haka nan zalunci ne a jera shi da 'yan sojan gona. Fada ta laƙaba wa Mustafan da ya yi jayayya da Murad na Biyu a 1421 sunan “na jabu” don ta ƙaryata asalinsa, amma babu wanda ya taɓa musun cewa Jem ɗan Fatihu ne, kuma haƙƙinsa na nema daidai yake da na wansa har ranar da takobi ya raba gardama.

Babban tasirinsa a tarihi ya zo ne daga zamansa a tsare. Fatihu ya rasu sojojinsa na riƙe da Otranto a kudancin Italiya, mutanen Roma na cikin fargaba. Rikicin gado ya sa aka janye Gedik Ahmed Fasha, garin ya kuɓuce a Satumba 1481. Muddin Jem na numfashi a hannun Turawa, Bayazid bai iya ɗaga babban yaƙi a kansu ba, don ya san da zarar ya motsa za a sako masa ɗan'uwa a gaban runduna, kuma bai amince da hakimansa duka ba. Ya yi yaƙi a Moldabiya a 1484, ya kuma fafata da Masar, amma ya lallaɓa Fenis da Rodos da Roma. Waɗannan su ne shekarun da daular Garnaɗa ta Andalus ke numfashin ƙarshe, kuma taimakon da Istanbul ta iya bayarwa bai wuce na jiragen ruwa ba. A shekarar da gawar Jem ta iso, 1499, Bayazid ya buɗe yaƙi da Fenis, ya ci Lepanto, a shekara mai zuwa ya ƙara da Modon da Koron.

Lamarinsa ya kuma sauya yadda Istanbul da Turai ke mu'amala. Kafin shi, abin da ya fi yawa tsakaninsu yaƙi ne da yarjejeniyar kasuwanci. Saboda shi jakadun Sarkin Turkiyya suka riƙa zirga-zirga zuwa Roma da Faransa da Nafoli, fadar Usmaniyya ta koyi wane sarkin Turai ne ke gaba da wane, su ma Turawa suka gane cewa ana iya ƙulla ƙawance da Baturke a kan ɗan'uwa Kirista. Ƙawancen da Faransa ta ƙulla da Sarki Sulaiman Ƙanuni, jikan Bayazid, bayan kimanin shekara arba'in ya bi hanyar da aka riga aka share.

A cikin gida darasin da sarakuna suka ɗauka mai ɗaci ne, wato kada a bar ɗan'uwa ya tsira ya ƙetare iyaka. Salim na Ɗaya, ɗan Bayazid, ya kashe 'yan'uwansa Korkud da Ahmed a 1513. Da wani ɗan Sulaiman mai suna Bayazid ya gudu wurin Shah Tahmasb na Farisa a 1559, sai da aka biya dukiya mai yawa aka karɓi ransa da na 'ya'yansa. Muhammadu na Uku ya kashe 'yan'uwansa maza 19 da ya hau a 1595, bayansa aka daina tura yarimomi riƙon larduna. Sai a ƙarni na 17 aka koma tsare su a wani sashe na fada da kuma bai wa mafi tsufa a gidan sarauta.

A fagen adabi sunansa ya tsaya da ƙafarsa. Ya bar diwani biyu, ɗaya da Turkanci ɗaya da Farisanci, ya kuma mai da ƙissar Jamshid da Hurshid ta mawaƙin Farisa Salman Sawaji zuwa Turkanci don mahaifinsa. Da umarninsa Abul Hairi Rumi ya zaga ya tattara labaran waliyyi Sari Saltuk cikin littafin Saltukname, wanda masu nazarin shigar Musulunci ƙasashen Balkan ke dogaro da shi har yau. Waƙoƙin da ya yi a tsare, na kewar gida da na uwa da na ɗan da aka kashe, su suka sa Turkawa ke tuna shi da tausayi fiye da yadda suke tuna shi da tawaye. A Turai kuma Guillaume Caoursin, mataimakin magatakardan Rodos, ya rubuta labarin zuwansa tsibirin da zane-zane, ana kuma cewa yana cikin mutanen da Pinturicchio ya zana a ɗakunan Borgia da ke Batikan.

Zuriyarsa ba ta tsira daga abin da ya guda ba. Mahaifiyarsa ta rasu a Alƙahira ba ta sake ganinsa ba. Ɗansa Murad ya bar Masar ya koma Rodos, ya zauna a hannun baraden, ya karɓi addinin Kirista. Lokacin da Sulaiman Ƙanuni, jikan Bayazid, ya ci tsibirin a ƙarshen 1522, ya bar baraden suka fita da makamansu da dukiyarsu, amma ya sa aka nemo masa Murad, aka kashe shi tare da ɗansa, aka aika matan gidan Istanbul.